Birnin da Ya Ɗaure Kansa da Magana

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Duk da haka wadda aka faɗa da baki tana da sauƙin musu. Mai ita yana iya cewa ba haka ya ce ba, ko ba haka yake nufi ba, shaidu kuma su tsufa su mutu. Wanda ya kira magini ya sassaƙa masa magana a dutse ya toshe wa kansa wannan mafita, domin jikokinsa ma za su taras da ita yadda ya bar ta. Masu mulki sun daɗe da sanin haka, shi ya sa yawancin abin da suka bari a jikin duwatsu kirari ne: wane ya gina, wane ya ci gari kaza, wane ba a taɓa ganin irinsa ba. Kirari ba ya ɗora wa mai shi nauyin komai. Akwai wani birni a bakin teku da mahukuntansa suka zaɓi su rubuta abin da zai ɗaure su, kuma wannan ne ya sa yawo a cikinsa ya zama karatu.

Dubrovnik yana kudancin ƙasar Kuroshiya, a gaɓar tekun Adiriyatik, yana fuskantar Italiya ta tsallaken ruwa. A tsofaffin takardu Ragusa ake kiransa. Ya zauna ƙarƙashin Benis daga 1205 zuwa 1358, sannan ya zama jamhuriya mai cin gashin kanta har shekarar 1808. Ganuwarsa ta dutse ta kewaye tsohon gari ba tare da yankewa ba, tsawonta kusan mita 1,940, a wasu wurare tsayinta ya kai mita 25. Ta ɓangaren tudu kaurinta mita 4 zuwa 6 ne, ta ɓangaren teku bai wuce 3 ba, domin can ruwa da duwatsu sun riga sun yi rabin gadi. Wanda ya hau kanta zai zagaye garin cikin awa biyu yana tafe yana hutawa, teku a gefe guda, jajayen rufin gidaje a ɗaya gefen, hasumiyar Minčeta da aka kammala a 1464 tana tsaye a can sama inda ƙasa ta fi tudu.

Yawancin baƙi ta ƙofar Pile suke shiga, a yamma. Da ka sauka daga matakala za ka ci karo da babbar maɓuɓɓugar ruwa ta Onofrio, mai bakuna 16, wadda aka gina a 1438 bayan an janyo ruwa daga nisan kusan kilomita 12. Har yau ana tara hannu a sha. Daura da ita akwai gidan 'yan zuhudu mabiya Faransis, inda kantin magani ke aiki tun 1317. Daga nan babban titi, Stradun, ya miƙe kamar mita 300 zuwa gabas, shimfiɗe da farin dutse wanda tafin ƙafafu suka goge har yana sheƙi. Duk waɗannan abin kallo ne, kuma masu ɗaukar hoto ba su bar musu komai ba. Amma mai son ya ji abin da garin ke faɗa, sai ya ƙarasa ƙarshen titin, inda kasuwa da mulki suka haɗu a dandali guda.

A hagu akwai ginin Sponza, wanda aka gina tsakanin 1516 da 1522. A da nan ne gidan kwastan, nan ake buga kuɗi, nan fatake ke sauke kaya a auna kafin a yanka musu kuɗin fito. A tsakar gidan, a jikin bakan ginin da ake rataye sikeli, an sassaƙa magana da Latinanci. Abin da take cewa shi ne ma'aunin wannan gida bai yarda a cuci kowa ba, bai kuma yarda a cuce shi ba, kuma a lokacin da mai awo yake auna kaya, shi ma Allah yana auna shi. Abin lura a nan shi ne bakin da aka sa wa maganar. Ba gargaɗi ake yi wa baƙon ɗan kasuwa ba. Mai awon ne da kansa aka sa yake magana, yana shaida a kan kansa, a gaban wanda zai iya cuta. Kowace safiya ma'aikacin zai tsaya ƙarƙashin wannan rubutu ya ɗaga dutsen awo, kuma duk falken da ya iya karatu zai iya ɗaga kai ya nuna masa da yatsa.

Mahukuntan ba su tsaya ga tsoron Allah kaɗai ba, domin sun san zuciya takan yi barci. A tsakiyar dandalin, 'yan taku kaɗan daga ƙofar Sponza, akwai ginshiƙin Orlando da aka kafa a 1418, da siffar jarumi riƙe da takobi. Daga gwiwar hannunsa na dama zuwa yatsu, santimita 51.2, shi ne kamun da hukuma ta amince da shi, an kuma zana tsawon a dutsen da ke gindin ginshiƙin. Matar da ta sayi yadi ta ji zuciyarta ba ta kwanta ba, ba ta bukatar sanin kowa a fada. Za ta ɗauko yadinta ta zo tsakiyar gari ta gwada a gaban jama'a. Rubutun da ke cikin gida ya ce kada a yi algus, dutsen da ke waje ya ba talaka hanyar kama mai algus. Ina ganin a nan ne asirin garin yake: duk maganar da suka ɗauka da muhimmanci, sai sun gina mata abin da zai riƙe ta.

Fadar shugaban gari tana kudu da dandalin, da baranda mai ginshiƙai. A zamanin jamhuriya, mutanen garin Knez suke kiran mai wannan muƙami. A bene, bisa ƙofar da 'yan majalisa ke bi su shiga zauren Babbar Majalisa, akwai wata gajeriyar magana, umarni ne ga mai shiga: ya manta da abin da ya shafe shi, ya kula da abin da ya shafi jama'a. Irin wannan magana ba ta da wuyar rubutawa, kuma babu ƙasar da ba ta da tamkarta a bangon wani ofishi. Abin da ya ba ta nauyi a Dubrovnik shi ne dokokin da aka kewaye ta da su. Wata ɗaya tak Knez ke yi a kan mulki. In ya sauka, ba za a sake zaɓensa ba sai bayan shekara biyu. A cikin watan nan a fada yake zaune, ba ya fita sai don aikin hukuma. Da dare a kulle ƙofofin gari a kawo masa mabuɗai, da safe ya mayar. Kafin ya tara 'yan kore, kafin fadawa su koyi abin da yake so su ji, watansa ya ƙare.

A tsakar fadar akwai mutum-mutumi na tagulla, kuma shi kaɗai ne jamhuriyar ta taɓa kafa wa wani ɗan ƙasarta a tsawon zamaninta. Ba na shugaba ba ne, ba na sarkin yaƙi ba. Na Miho Pracat ne, wani mai jiragen ruwa daga tsibirin Lopud, wanda ba ɗan gidan sarauta ba, ya bar wa garin dukiyarsa don ayyukan alheri. An kafa shi a 1638, a cikin gida, ba a dandali ba. Garin da ya yi ta sauya shugabanni kowane wata har ɗaruruwan shekaru bai bar fuskar ko ɗaya daga cikinsu a kan titi ba. Sun fahimci cewa ranar da sunan mutum ya fi sunan kujera girma, ranar ce maganar da ke bisa ƙofa za ta zama ado.

Kalmar da Dubrovnik ta fi shahara da ita kuwa tana wajen ganuwa. In ka fita ta ƙofar Pile ka dubi teku, za ka ga sansanin Lovrijenac a kan wani dutse mai tsayin mita 37. Bisa ƙofarsa an rubuta cewa 'yanci ba abin sayarwa ba ne, ko da za a tara dukan zinariya. Kalmar 'yanci, Libertas da Latinanci, ita ce kuma a jikin tutar da ake ɗagawa a kan ginshiƙin Orlando. Shi kansa ginin sansanin sharhi ne a kan rubutun. Bangonsa da ke fuskantar teku ya kai kaurin mita 12, amma wanda ke fuskantar gari bai wuce santimita 60 ba. An yi haka da gangan: in shugaban dakarun da ke ciki ya yi sha'awar juya igwa kan 'yan uwansa, igogin ganuwa za su iya fasa bangon nan cikin sauƙi. Shi ma wata ɗaya yake yi a canja shi, kuma guzurin wata ɗaya ake ba shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu magana. Waɗannan mutane sun bar wa kansu tsaga da hannunsu, domin sun san mai gadi ma yana bukatar wanda zai yi gadinsa.

A nan ne mai karatu mai kaifin hankali zai yi tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya. Garin da ya ce ba ya sayar da 'yanci, ai da zinariya ya riƙa sayen zaman lafiyarsa. Daga 1458 Dubrovnik ya riƙa biyan haraji ga Daular Usmaniyya ta Turkawa. An fara da dukat 1,500 na zinariya a shekara, daga 1481 ya tsaya a 12,500. Jakadu biyu ne ke ɗaukar kuɗin su bi ta tudu har Santambul. A madadin haka fatakensu suka sami damar yawo a duk faɗin daular, suna biyan kuɗin fito kashi 2 cikin 100 kawai, suka kafa zango a Sarayebo da Belgired da Sofiya. A ƙarni na 16 manyan jiragensu na fatauci sun kusa 200. A 1699 har yankin ƙasa suka sallama wa Turkawa, a Neum da Sutorina, don kada iyakarsu ta haɗu da ta Benis. Dalilin da ya sa ke nan har yau ƙasar Bosniya take da ɗan bakin teku a Neum.

To, shin rubutun ƙarya ne? Ni ban ga haka ba. Abin da suke kira 'yanci yana da iyakoki da suka sani sarai: dokarsu, wadda suka tattara a kundi tun 1272, ita ke aiki a cikin gari, su ke zaɓen shugabansu, su ke buga kuɗinsu, babu sojan wata daula da ke kwana a cikin ganuwa. Zinariya kuwa kaya ce, tana zuwa tana tafiya. Sun yarda su ba da abin da ake iya sake samu, don su riƙe abin da in ya tafi ba ya dawowa. An kuma gwada su a kan wannan bambanci. Ranar 6 ga Afrilu, 1667, girgizar ƙasa ta rushe yawancin garin, ta kashe dubban mutane har da Knez, wuta ta cinye saura. Suna cikin farfaɗowa, babban wazirin Usmaniyya, Kara Mustafa, ya nemi su biya wasu maƙudan kuɗi da suka wuce yarjejeniya. Jakadun da aka aika suka ƙi amincewa da abin da majalisarsu ba ta ba su izini ba, aka jefa su kurkuku. Ɗaya daga cikinsu, Nikola Bunić, ya mutu a tsare a garin Silistra a 1678. Ma'anar kalma ba ta bayyana sosai sai ranar da riƙe ta ya fi sakinta tsada, kuma a ranar an sami wanda ya riƙe.

Amma son gari ba zai sa a rufe ido ga inda kalmar ta gaza ba. A 1332 aka rufe jerin gidajen sarauta, daga nan maza 'ya'yan waɗannan gidaje kaɗai ke zama a Babbar Majalisa. Attajiri irin Pracat, komai dukiyarsa, ba shi da ƙuri'a. Manoman karkara suna noma gonakin iyayen gidansu cikin ƙangi, har mutanen yankin Konavle suka yi bore a 1799 saboda nauyin haraji. Ranar 27 ga Janairu, 1416, majalisar ta haramta fataucin bayi, ɗaruruwan shekaru kafin manyan daulolin Turai su yi haka, kuma wannan abin yabo ne na gaske. Sai dai dokar ba ta 'yanta waɗanda ke bauta a cikin gidaje ba. Yahudawa sun sami mafaka da wurin ibada a wani lungu da har yau ke ɗauke da sunansu, amma Kiristoci mabiya ɗariƙar Otodoks ba su sami cocinsu a cikin ganuwa ba sai 1877, bayan jamhuriyar ta daɗe da shuɗewa. Rubuce-rubucen kansu da Latinanci suke, harshen da masunci da mai wanki ba sa karantawa. Ƙa'idar dai ɗaya ce ko ta wace fuska aka duba: inda aka gina wa magana abin riƙo, ta tsaya, inda aka bar ta ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofar masu ita.

Akwai wani rubutu da ba hukuma ce ta sa a yi ba, kuma ya cancanci a bar babban titi a neme shi. A wani lungu, a jikin bangon ƙaramin cocin Roko, wani mutum ya kankare dutse da hannunsa a 1597. Ya fara da yi wa masu wasan ƙwallo a wurin fatan zaman lafiya, sannan ya tuna musu cewa za su mutu. Haruffan ba su da kyawun na Sponza, ba magini ne ya yi su ba. Amma su ne ke shaida cewa garin nan ba majalisa da kwastan kaɗai ba ne. Akwai yara masu buga ƙwallo a bango da rana tsaka, akwai babba da hayaniya ta hana shi sukuni, wanda duk da ɓacin ransa bai manta da sallama ba. Manyan maganganun da ke bisa ƙofofi don irin waɗannan mutane aka ce an rubuta su, kuma da rayuwarsu ya kamata a auna su.

Ba a fasa ganuwar Dubrovnik da ƙarfi ba a ƙarshen jamhuriyar. A 1806 sojojin Rasha da na Mantenegaro suna matsowa, majalisa ta buɗe wa sojojin Napoliyon ƙofa bisa cewa wucewa za su yi. Suka shiga suka zauna, a 1808 babban hafsansu, Marmont, ya sanar da rushe jamhuriyar, daga baya garin ya koma hannun Ostiriya. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna neman abin riƙo ga kowace magana, a ranar nan sun karɓi alkawarin da ba su da abin da za su riƙe shi da shi.

Jarrabawa ta baya-bayan nan ta zo a 1991, lokacin da Yugoslabiya ke wargajewa. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin a jerin kayan gadon duniya, kuma da yaƙi ya matso aka rataya wa ganuwa alamar shuɗiyar garkuwa, wadda yarjejeniyar Heg ta 1954 ta ce duk ginin da ke ɗauke da ita ba a taɓa shi. Alamar ba ta tare harsashi ko ɗaya ba. Sojojin Yugoslabiya suka yi wa garin ƙawanya daga watan Oktoba, suka yanke ruwa da wuta, ranar 6 ga Disamba suka yi masa ruwan bama-bamai tun asuba. Fiye da rabin gine-ginen cikin ganuwa sun sami rauni. Ayarin jiragen ruwa da ya keta ƙawanyar da kayan agaji a ƙarshen Oktoba, Libertas aka sa masa suna. Bayan shekaru, kotun duniya mai shari'ar laifukan yaƙin Yugoslabiya ta ɗaure manyan hafsoshi biyu, Pavle Strugar da Miodrag Jokić, kuma lalata tsohon garin yana cikin laifukan da aka same su da su. Sai a lokacin ne alamar ta sami haƙora. Yau a bakin ƙofa akwai taswira mai nuna duk inda bam ya faɗa, a cikin Sponza akwai ɗaki mai hotuna da sunayen waɗanda suka mutu suna kare garin, daga kan ganuwa kuma ana bambance sabon rufi mai haske da tsoho mai duhu.

Abin da ke gwada garin yanzu da murmushi yake zuwa, da kuɗi a hannu. Manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido suna sauke dubban mutane a safiya guda, wasunsu sun zo ne don ganin wuraren da aka ɗauki fim ɗin Game of Thrones. Gidaje suna komawa masaukin baƙi, shagunan unguwa suna komawa na tsaraba. Mazauna cikin ganuwa, waɗanda a da suka kai dubu biyar, yanzu ba su kai dubu biyu ba. UNESCO ta ba da shawarar kada baƙi su wuce 8,000 a ciki a lokaci guda, hukumar garin kuma ta fara taƙaita yawan jiragen da ke tsayawa a rana. Kalmar Libertas tana nan ko'ina, a jikin motocin haya na gari, a kan riguna da kofuna. Yawan ganin kalma ba ya kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne a wayi gari babu wanda ta hana wani abin da ransa ke so.

Saboda haka tsofaffin rubuce-rubucen nan ba su gama aikinsu ba. Ɗan majalisar da zai yanke yawan jiragen da za a bari su tsaya, alhali ɗan uwansa yana da gidan saukar baƙi, shi ake nufi da maganar da ke bisa ƙofar fada. Mai shagon da ke faɗa wa baƙo farashi, yana sane da cewa ba zai sake ganinsa ba har abada, shi ne mai awon Sponza. Mai gidan da aka yi wa tayin kuɗin da bai taɓa mafarki ba don ya bar unguwar kakanninsa, shi ke tsaye a ƙofar Lovrijenac, kuma babu mai ikon zarginsa in ya karɓa, sai dai garin ya samar masa dalilin zama. Baƙo ma yana da rabonsa. Ya kwana a garin maimakon ya ratsa shi cikin awa uku, ya sassauta murya a lungunan da mutane ke barci, ya sayi abinci inda 'yan gari ke saye. In ya tsaya gaban kowane rubutu, bayan ya tambayi abin da yake cewa, ya ƙara tambaya biyu: wa wannan magana ta ɗaure, kuma me aka tanada don ranar da zai so ya kwance? Wanda ya koyi yin waɗannan tambayoyi a Dubrovnik zai ci gaba da yin su a gaban kowane take da kowace rantsuwa da zai tarar a rubuce, a ko'ina yake.